Amana a Kujera ta Biyu: Hidimar Kirista a Ƙarƙashin Jagorancin Wani

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi matsayin ma'aikacin ikilisiya wanda ba shi ke riƙe da ragama ba, kamar mataimakin fasto, mai bishara, sakatare da ma'aji. Ta auna biyayyar da muka gada a al'ada da wadda Littafi Mai Tsarki ya nuna, ta leƙa ƙa'idar Benedik ta ƙarni na 6, sannan ta daɗe a kan abin da ya faru a Mishan ɗin Neja tsakanin 1864 da 1892, inda Bishop Samuel Ajayi Crowther ya kasance yana bin wasu, wasu kuma suna binsa. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, amanar na ƙasa tana bi ne ta hannun shugaba ta wuce zuwa ga Mai aikin. Ita ce ke hana shi haƙon kujerar shugabansa, ita ce kuma ke hana shi sa hannu a ɓarna ko yin shiru a kanta.

1.0 Gabatarwa



Taron bita a kan shugabanci ba ya yankewa a ikilisiyoyinmu. Makarantun tauhidi suna da darasi a kansa, kantunan littattafai na Jos da Kaduna kuma cike suke da littattafan da ke koya wa mutum yadda zai ja gaba. Amma in aka yaye ɗalibai aka rarraba su, kujerar babban fasto ɗaya ce tak a kowace majami'a. Yawancinsu a ƙarƙashin wani za su fara aiki, wasu ma a haka za su yi ritaya. Shi kansa babban faston akwai majalisar dattawa a gefensa, akwai shugaban gunduma da hedkwata a bisansa. Ke nan bin wani shi ne abin da kusan kowane ma'aikaci zai yi har ƙarshen aikinsa, shi ne kuma abin da muka fi sakaci wajen koyarwa.

Da yake ba mu koyar ba, matashin ma'aikaci yakan tarar da amsa biyu suna jiransa. Ta farko ta manya ce: yi na yi, bari na bari. Ta biyu ta tsararsa ce: tunda Allah ne ya kira ka, ba mutum ba, in an matsa maka ka fita ka buɗe taka, in ya yiwu ka tafi da rabin jama'ar. Kowace tana da ayoyin da take jingina da su. Ni a ganina duka biyun sun ɗauki wani ɓangare na Nassi sun bar sauran, kuma ɓangaren da suka bari shi ne mai wuya.

2.0 Abin da muka gada

A ƙasar Hausa bin babba ba sabon abu ba ne. M. G. Smith, a nazarinsa na sarautar Zazzau da aka buga a 1960, ya nuna yadda barantaka ta zama ƙashin bayan mulki: bara yana ba ubangidansa biyayya da goyon baya, ubangida kuma yana ba shi kariya da muƙami da abin sawa a baka. Mutum ba ya hawa sai ta hannun wani. Sauran al'ummomin Arewa ma, ko da ba su da fada irin ta Zazzau, suna da tasu hanyar girmama na gaba, a gida da gona da dandali.

Akwai alheri mai yawa a cikin wannan gado, kuma bai kamata mu yi saurin raina shi ba. Ya koya mana kunya, da rufin asiri, da sanin cewa ba a tsinka babba a bainar jama'a. Ƙaramin fasto da ke kiran babbansa Baba, yana karɓar jakarsa in ya sauko daga mota, bai yi wani abin kunya ba. Bulus ma ya gargaɗi Timoti ya yi wa dattijo magana kamar yadda ɗa ke yi wa uba (1 Timoti 5:1).

Inda gizo ke saƙa shi ne inda amanar take tsayawa. A barantaka, a kan ubangida take ƙarewa. Abokinsa abokinka ne, maƙiyinsa maƙiyinka, in ya faɗi kun faɗi tare. Muna cewa bin na gaba bin Allah ne, amma a aikace sau da yawa na gaban ne kaɗai ake gani. Da wannan tunani ya shigo ikilisiya sai ya haifar da abin da kowa a wannan zaure ya sani: ana cewa wane yaron wane ne, ana lissafin ƙuri'a a zaɓen gunduma tun kafin a yi addu'ar buɗewa, canjin wurin aiki kuma ya zama lada ko bulala. A irin wannan yanayi, ɗan amshin Shata shi ake kira mai biyayya.

3.0 Fadawan Tsohon Alkawari

Tsohon Alkawari ya ba da labarin na biyu fiye da yadda muke lura. Yusufu bai taɓa zama na ɗaya ba a Masar. Yana ɗan shekara 17 aka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya a gaban Fir'auna, kuma a gidan Fotifar da kurkuku da fada duk dukiyar wani ya riƙe. Abin lura a Farawa 39 shi ne dalilan da ya bayar sa'ad da uwargidansa ta neme shi. Ya fara da yardar da maigidan ya yi masa, ya ƙare da cewa abin zunubi ne ga Allah. A wurinsa abu biyun nan ba sa rabuwa, kuma ranar da aka gwada shi babu maigidan a gida. Sakamakon da ya fara samu kuwa kurkuku ne. Sai dai akwai babin da masu wa'azi kan tsallake, wato Farawa 47, inda Yusufun nan ya saye wa Fir'auna gonakin Masarawa da hatsi a lokacin yunwa, ya kuma kafa harajin kashi ɗaya cikin biyar. Ya ceci rayuka, ba shakka. Amma ƙwazon amintaccen ma'aikaci yana iya ƙara wa ubangidansa ƙarfin da wani sarki zai zo daga baya ya danne mutane da shi, kuma wannan tambaya ce da ta cancanci tata maƙalar.

Labarin da na fi so mu tsaya a kai yana cikin 1 Sama'ila 22. Saul ya ji cewa Ahimelek firist ya ba Dawuda gurasa da takobi, sai ya umarci dogarawansa su karkashe firistocin Nob. Dogarawan suka ƙi ɗaga hannu. Ba su yi tawaye ba, ba su koma bayan Dawuda ba, suna nan tsaye a inda sarki ya ajiye su, sun dai ƙi. Sai Doyeg mutumin Edom, shugaban makiyayan Saul, ya yi aikin, ya kashe mutum 85 a rana ɗaya. In da ma'aunin fada za a auna, Doyeg ne bawan sarki na gaskiya, shi za a ba riga. Amma duk mai karanta labarin ya san su wa suka riƙe amanar sarautar Isra'ila a ranar, har ma da amanar Saul kansa, domin sun so su hana shi ɗaukar jinin da ba zai iya wankewa ba.

Yowab ma irin Doyeg ne. Dawuda ya aika masa da wasiƙa ta hannun Uriya cewa a sa Uriyan a inda yaƙi ya fi zafi a janye a bar shi (2 Sama'ila 11). Yowab bai yi tambaya ba. Ya cika umarni, ya aika da rahoto, daga ranar kuma ya zama mai riƙe da asirin sarki, abin da ba ya yi wa kowane shugaba daɗi. Wanda ya ceci Dawuda shi ne Natan, da ya shiga fada ya faɗa masa laifinsa a fuskarsa. Ya yi haka da dabara, ta hanyar labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa, amma bai rage kome daga gaskiyar ba.

Shi Dawuda, a zamansa a ƙarƙashin Saul, abu huɗu ya yi, mu kuwa ɗaya muka riƙe. Ya yi aikin da aka sa shi da kyau, a fagen yaƙi da wajen kaɗa wa sarki garaya. Da aka jefe shi da mashi ya goce, da abin ya ci gaba ya gudu. Da ya sami Saul a hannunsa, a kogon En-gedi da kuma a sansanin jejin Zif, ya ƙi taɓa shi, ya kuma hana mutanensa. Sa'an nan a duka lokutan biyu ya ɗaga murya ya faɗa wa sarki, a kunnen mayaƙansa, cewa farautar da yake yi masa zalunci ce (1 Sama'ila 24 da 26). Waɗanda ke yawan tuna wa ƙananan ma'aikata cewa ba a taɓa shafaffe suna ɗaukar na ukun ne kawai. Abin da Dawuda ya ƙi shi ne kisa da ƙwace mulki. Bai ƙi faɗin gaskiya ba, bai kuma tsaya a soke shi don a ce yana da ladabi ba. Ayar Zabura 105:15 da ake yawan kafa hujja da ita ma, in an karanta abin da ke gabanta, gargaɗi ne ga sarakuna kada su cuci Ibrahim da zuriyarsa lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi a ƙasar wasu. Masu iko aka ja wa kunne a wurin.

Kada kuma ƙananan ma'aikata su yi murna da wuri, domin akwai Absalom. Yakan yi sammako ya tsaya a bakin ƙofar birni, duk mai ƙara da ya zo sai ya tare shi, ya ce masa maganarsa gaskiya ce, sai dai sarki bai sa wanda zai saurare shi ba (2 Sama'ila 15). Mai yiwuwa ne ma akwai ƙamshin gaskiya a zancen. Laifin Absalom shi ne bai kai kukan ciki wurin sarki ba, ya mai da shi jarin kansa. Ƙofar birni ta yau ita ce ziyarar gida-gida da zauren WhatsApp na matasa. Mataimakin da ya je gai da mara lafiya, aka ce masa Baba bai zo ba, ya yi ajiyar zuciya ya ce a dai yi ta addu'a, ya riga ya faɗi abin da yake so ya faɗa ba tare da an kama shi da kalma ko ɗaya ba.

Joshuwa kuwa nasa kuskuren na masu ƙauna ne. Da Eldad da Medad suka yi annabci a sansani, ya roƙi Musa ya hana su, Musa ya tsawata masa a kan kishin da yake taya shi (Ƙidaya 11). Shugabanni da yawa ba su da maƙiyi sai wanda mataimakansu suka ƙera musu.

4.0 Sabon Alkawari da ikilisiyar farko

Sabon Alkawari bai sassauta batun biyayya ba. Ibraniyawa 13:17 ta umarci masu bi su yi wa shugabanninsu biyayya, amma dalilin da ta bayar shi ne shugabannin za su ba da lissafin rayukan da aka danƙa musu. Ashe shi ma na gaban ɗan aike ne. A Luka 16:12 Yesu ya sa riƙon kayan wani ya zama jarrabawar da mutum zai ci kafin a ba shi nasa.

Barnaba ne ya fi nuna wuyar wannan aiki. Shi ya kama hannun Bulus ya kai shi wurin manzanni lokacin da kowa ke tsoronsa, shi ya je Tarsus ya ɗauko shi zuwa Antakiya. Daga babi na 13 na Ayyukan Manzanni sai Bulus ya zama mai magana, sunansa ya fara riga na Barnaba, kuma ba mu ji Barnaba ya yi gunaguni ba. Duk wanda ya taɓa ganin ɗalibinsa ya zama shugaban gundumarsa ya san abin da wannan yake ci a zuciya. Da suka saɓa a kan Markus, saɓanin ya yi zafi har suka rabu, amma aikin suka raba, ba ikilisiyar Antakiya ba. Daga baya Bulus ya ambaci Barnaba a matsayin abokin aiki (1 Korantiyawa 9:6), ya kuma nemi a kawo masa Markus ɗin domin yana da amfani gare shi (2 Timoti 4:11). Bulus ɗin nan ne kuma ya tsaya wa Bitrus a gaban jama'a sa'ad da ya janye daga cin abinci da al'ummai (Galatiyawa 2), shi ne kuma ya kafa ƙa'idar cewa ba a karɓar ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, in kuwa laifi ya tabbata ba a rufe shi (1 Timoti 5:19-20). Ƙa'idar ta kare dattijo daga tsegumi, ta kuma bar hanyar ƙara a buɗe.

Rikicin na gaba da na baya bai jira zamaninmu ba. Wasiƙar da ikilisiyar Roma ta aika Koranti wajen shekara ta 96, wadda ake danganta wa Kilemen, an rubuta ta ne saboda wasu sun tuɓe dattawan da ba su yi laifi ba. Amma wanda ya fi fahimtar ciwon kujera ta biyu, a iya karatuna, shi ne Benedik, wanda ya tsara ƙa'idar zaman sufaye a Italiya a ƙarni na 6. A babi na 65 ya yi kashedi cewa in hukuma ɗaya ce ta naɗa shugaban gida ta kuma naɗa mataimakinsa, mataimakin yakan ɗauka shi ma shugaba ne na biyu, daga nan sai hassada da ɓangaranci su raba gidan. Ku duba tsarin da yawancinmu ke bi: majalisar gunduma ce ke tura babban fasto, ita ce ke tura mataimakinsa, sau da yawa ba tare da an tambayi ko ɗayansu ba, ba kuma tare da an rubuta wa kowa iyakar aikinsa ba. A babi na 68 ya ce wanda aka ɗora wa aikin da ya fi ƙarfinsa ya bayyana dalilansa cikin natsuwa a lokacin da ya dace, in shugaba ya nace sai ya yi, yana dogara ga Allah. Zancen aiki mai wuya yake yi, ba na aikin zunubi ba. A babi na 3 kuma ya wajabta wa shugaba ya tara kowa ya ji shawara a manyan al'amura, har da ƙananan cikinsu. Benedik ya nemi biyayya mai tsanani, amma bai ɗora nauyin duka a wuyan na ƙasa ba.

5.0 Crowther da Mishan ɗin Neja

An kama Ajayi yana yaro a garin Osogun na ƙasar Yarabawa a 1821, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi daga jirgin bayi a 1822 aka sauke shi a Saliyo. Yana cikin ɗaliban farko na makarantar Fourah Bay a 1827. A 1841 ya bi ayarin binciken kogin Neja tare da J. F. Schön, Bajamushen da daga baya ya wallafa nahawu da ƙamus na Hausa. An naɗa shi firist a 1843, ya buɗe Mishan ɗin Neja a 1857, aka keɓe shi bishop a Kantabari ranar 29 ga Yuni, 1864. Ya yi aiki a Anacha da Lakwaja da Boni, ya ƙulla kyakkyawar hulɗa da Etsu Masaba na Bidda, ya rubuta littattafan koyon Nufanci da Ibo, ya kuma ja gaba wajen fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci.

Duk tsawon wannan aiki a ƙarƙashin kwamitin ƙungiyar mishan ta CMS da ke Landan yake. Daga can kuɗi ke zuwa, can yake aika rahoto. Muddin Henry Venn na sakatare, daga 1841 zuwa 1872, yana da ubangida mai yarda da shi, domin Venn ne mai ra'ayin cewa ikilisiyar Afirka ta riƙe kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa kanta. Amma tun farko akwai Turawan mishan, Henry Townsend na Abekuta a kan gaba, da ba su yarda baƙar fata ya shugabance su ba. Aka shata iyakar ikonsa ta yadda ba za su shiga ƙarƙashinsa ba. Mutanen da suka koya wa sababbin masu bi darajar biyayya, da aka zo kansu sai suka nemi a keɓe su.

Bayan rasuwar Venn a 1873 iska ta juya. Aka riƙa zare harkar kuɗi da ta jirgin ruwan mishan daga hannun bishop ana miƙa wa Turawa. Dole a faɗi gaskiya, akwai ɓaraka a cikin wasu ma'aikatansa: akwai masu kasuwanci a fakaice, akwai masu shaye-shaye, har an sami mutuwar wata yarinya a Anacha a hannun ma'aikatan mishan biyu, aka yi musu shari'a. Crowther mutum ne mai sanyin hali, tashoshinsa kuma suna nesa da juna, bai cika saurin hukunci ba. Saboda haka masu sukar ba su rasa abin kamawa ba.

A 1890 wasu samarin Turawa suka iso. Cikinsu akwai Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, waɗanda suka zauna a Lakwaja suna sa tufafi irin na mutanen ƙasa, da nufin su kai bishara ƙasar Hausa. Ba wanda zai yi shakkar himmarsu, dukansu biyu a Lakwaja suka mutu cikin shekara biyu. Amma a taron kwamitin kuɗi da aka yi a Anacha a watan Agusta na 1890, sakataren mishan F. N. Eden da abokansa suka dakatar da fastoci 'yan Afirka a gaban bishop ɗin da ya naɗa su, har da ɗansa Dandeson, wanda yake babban dikon. Tsoho mai kimanin shekara 80, wanda ya fara bin Neja tun ba a haife su ba, ya ga yaran da a tsarin ikilisiya suke ƙarƙashinsa suna yanke hukunci a kan aikinsa. Sun yi gaskiya a wasu tuhume-tuhumen, amma sun bi hanyar Absalom da sunan tsarki, suna kuma da abin da Absalom bai samu ba, wato kunnen masu biyan kuɗi.

Abin da Crowther ya yi shi ne abin nazari. Bai amince da hukuncin ba, ya faɗi haka, ya sauka daga shugabancin kwamitin. Bai fita daga ikilisiyar Anglikan ba, alhali a Legas ran mutane ya ɓaci matuƙa, har wasu suka kafa ikilisiya mai zaman kanta a 1891. Da ya ɗaga yatsa da dubbai sun bi shi. Ya goyi bayan shirin ikilisiyoyin yankin Neja Delta su riƙe kansu da kuɗinsu ba tare da sun yanke zumunci ba. Ya sami shanyewar jiki, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891. A 1892 Dandeson ya ja ragamar wannan shiri, kuma ikilisiyoyin suka ci gaba da zama Anglikan.

Masana tarihi irin su J. F. Ade Ajayi da E. A. Ayandele sun yi rubutu mai yawa a kan wannan zamani, kuma har yau ana muhawara ko haƙurin Crowther ya yi yawa. Masu cewa ya yi yawa suna da hujja: Bature aka naɗa ya gaje shi, 'yan Afirka irin su Isaac Oluwole da Charles Phillips da James Johnson suka tsaya a mataimakan bishop, aka yi kimanin shekara 60 kafin wani ɗan ƙasa ya sake riƙe dayosis a yankin. Ni ina ganin inda ya gaza a matsayinsa na shugaba ne, da bai tsawata wa ma'aikatansa da wuri ba. A matsayinsa na mabiyi kuwa ban ga abin da za a ƙara masa ba. Ya ƙi abin da bai dace ba a fili, ya ajiye muƙamin da aka mai da shi hoto, ya kuma ƙi yaga jikin da ya yi shekara 50 yana ginawa. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da keɓe shi, Akbishop Justin Welby ya tsaya a Kantabari ya amsa cewa an zalunci Crowther, ya nuna nadamar ikilisiyar Ingila.

6.0 Mu a Arewa

Ikilisiyoyin Arewa a kan wuyan na biyu aka gina su. Turawan mishan na SUM sun sauka a Wase a 1904, amma sai a 1938 aka naɗa fastoci 'yan ƙasa na farko a ɓangarensu na Filato, wato Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot. Kafin nan da bayan nan, masu bishara ne suka taka ƙauyuka da ƙafa, suna noma da hannunsu, suna koyar da karatu da Hausa, rahoton kuma yana fita da sunan wani. An kafa ikilisiyar ECWA a 1954, a 1976 kuma ƙungiyar mishan ta SIM ta miƙa mata sauran ayyukanta, Turawan da suka rage suka koma aiki a ƙarƙashin waɗanda suka koyar. Haka nan zumuntar mata, wadda ke ɗauke da kaso mai yawa na hidimar kowace majami'a, ba kasafai take da kujera a inda ake yanke shawara ba. Mun san zafin a yi aiki wani ya karɓi yabo. Abin mamaki ne a ce mu ne kuma muke maimaita shi a kan 'ya'yanmu.

Ga ƙananan ma'aikata, abin da na gani a cikin waɗannan labarai ba shi da daɗin ji. Yawancin abin da ke ɓata muku rai ba zunubi ba ne, bambancin ra'ayi ne: tsawon sujada, irin waƙoƙi, wa zai yi wa'azi ran Kirsimati, ginin da za a fara. A irin waɗannan, faɗi ra'ayinka a ofis, in an yanke akasinsa ka fita ka yi aikin kamar kai ka kawo shawarar. Amma in an ce ka sa hannu a takardar kuɗin da ka san ba haka aka kashe su ba, ko ka rufe maganar yarinyar da aka lalata don kare sunan wani, nan wurin dogarawan Saul ne. Ka ƙi, ka faɗa wa mai umarnin dalilinka shi kaɗai tukuna, in bai ji ba ka bi matakan Matiyu 18 da tsarin mulkin ikilisiyarka. In zaman ya gagara, ka nemi canji ko ka yi sallama da rana tsaka, ka bar rajistar membobi da makullai a kan tebur.

Ga iyayenmu shugabanni kuwa, roƙona a kan tsari ne, domin wa'azin biyayya kaɗai ba zai gyara abin da tsari ya ɓata ba. Duk mataimakin da za a tura, a ba shi takardar da ta fayyace aikinsa da wanda zai ba rahoto, a kuma zaunar da shi da babban faston kafin ya kwashe kayansa. A samar da inda ƙaramin ma'aikaci zai kai kuka ba tare da takardar ta bi ta hannun wanda yake kuka da shi ba, kada kuma canjin wurin aiki ya biyo bayan ƙara kafin a saurare ta. Makarantunmu na tauhidi su sa wannan darasi a manhaja kusa da na shugabanci, a kuma nemi tsofaffin masu bishara da suka yi ritaya ba su taɓa riƙe babbar majami'a ba su zo su koyar da shi tun suna da rai. Ina roƙon wakilan gundumomi da ke wannan zaure su sa batun a ajandar taron majalisarsu mai zuwa.